Faifai Na Nan, Mai Karanta Shi Ne Ke Tafiya



Da wuya a shiga gida a rasa kwali ko jaka ko tsohuwar durowa cike da faya-fayan CD da VCD da DVD. A ciki za a tarar da finafinan Hausa na shekarun 2000, da waƙoƙin da aka saya a bakin kasuwa, da bidiyon biki da na suna, da kundin digirin da makaranta ta ce a haɗo da faifai, har da rubutun littafin da wani ya kai shagon kwamfuta aka buga masa aka zuba masa a CD. Yawancinmu hankalinmu a kwance yake. Muna ganin tunda faifan na nan, abin da ke cikinsa ma yana nan.

Ra'ayinmu shi ne wannan kwanciyar hankalin ba ta da tushe. Takarda ido kawai take buƙata. Faifai kuwa sai an sami na'ura mai rai, sannan an sami manhajar da ta san ƙa'idar da aka bi wajen jera abin da ke cikinsa. Na'urorin suna ƙarewa a kasuwa, faya-fayan suna lalacewa a ɗaka, kuma da yawa daga cikin masu ƙoƙarin kwashe abin da ke ciki suna kwafar abin da ba shi ne ba, saboda ba su fahimci abin da kwamfuta ke nuna musu ba. Don haka muke ganin sanin yadda kwamfuta ke karanta faifai ya zama wajibi ga duk wanda ya damu da ayyukan Hausa, kuma yanzu ne lokacinsa.

Mu fara da jikin faifan kansa. Kamfanin Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan ne suka haɗa kai suka fitar da ƙa'idar CD a 1980, aka fara sayar da shi a Japan a watan Oktoba na 1982. Faɗinsa santimita 12 ne, kaurinsa milimita 1.2. Roba ce garai-garai da aka shafa wa siririn ƙarfe mai ƙyalli, galibi alminiyam, aka rufe da ɗan fenti a gefen da ake buga suna. A jikin robar akwai layi ɗaya tak wanda ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki, daidai yadda iyayenmu mata ke saƙa faifan rufe ƙwarya. Da za a warware wannan layi, tsawonsa zai haura kilomita 5. A kansa aka jera ƙananan ramuka, da fili a tsakaninsu, ƙanana ƙwarai ta yadda silin gashi ɗaya zai rufe zagaye masu yawa.

Abin da masu gyara ke kira ido shi ne ke harba hasken leza a kan layin, hasken ya bugi ƙarfen ya dawo. Duk inda rami ya fara ko ya ƙare, ƙarfin hasken da ke dawowa kan canza, sai na'ura ta ƙirga wannan canji a matsayin 1, inda babu canji kuma ta ƙirga 0. Waƙa, hoto, rubutu, duk da waɗannan alƙaluma biyu aka ajiye su. Masu ƙirar sun san faifai zai karce, shi ya sa ba su jera bayanan a wuri ɗaya ba. Sun warwatsa su, suka haɗa da ƙarin lissafin da na'ura za ta yi amfani da shi ta cike abin da ya ɓace. Da wannan dabarar CD na iya jure karcewar da ta bi layin har kimanin milimita 2 da rabi. In ta wuce haka, sai a ji tsalle ko a ga hoto ya tsaya. Wannan ne dalilin da ya sa ake goge faifai daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Karcen da ya ratsa layuka kaɗan-kaɗan yake ɗauka daga kowanne, wanda ya bi layi kuwa cinye shi yake yi a jere.

Ba ido ɗaya ke karanta kowane faifai ba. Hasken da ke karanta CD mai tsawon zango 780 ne a ma'aunin nanomita, na DVD ja ne mai 650, na Blu-ray kuma shuɗi ne mai 405. Gwargwadon gajartar zangon, gwargwadon ƙanƙantar ramukan da hasken zai iya gani. Shi ya sa CD ke ɗaukar megabayit 700, DVD mai hawa ɗaya ya ɗauki gigabayit 4.7, Blu-ray ya ɗauki 25, alhali girmansu ɗaya. Shi ya sa kuma wani lokaci na'ura kan karanta CD ta ƙi DVD: haske biyu ne a cikinta, ɗaya ya mutu ya bar ɗaya.

To, ido ya karanto sifili da ɗaya. Ta yaya kwamfuta za ta san ina waƙa ta fara, ina fim ya ƙare? A nan ne ruɗanin yake, domin kowane irin faifai da tasa amsar.

Faifan waƙa na asali, wanda ake sa wa a rediyon mota ya kama, babu fayil ko ɗaya a cikinsa. Sauti ne zalla a shimfiɗe, an auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ta ɓangaren dama da hagu. An yanka layin zuwa gurabe, 75 a kowace daƙiƙa, kowane gurbi na ɗauke da bayit 2,352. A can kusa da tsakiyar faifan akwai ɗan jadawali, kamar ƙunshiyar da muke sawa a farkon littafi, wanda ke cewa waƙa ta ɗaya ta fara a minti kaza, ta biyu a minti kaza, har zuwa 99 in ta kama. Idan aka sa irin wannan faifai a kwamfuta mai Windows, sai ta nuna wasu abubuwa masu suna Track01.cda, Track02.cda, da sauransu. Waɗannan ba waƙoƙi ba ne. Windows ce ta ƙirƙire su don ta nuna wa mutum wani abu, kuma kowanne bayit 44 ne kacal, ba abin da ke cikinsa sai bayanin inda waƙar ta fara da tsawonta a jikin faifan. Waƙar minti biyar ta gaske ta haura megabayit 50. Wanda ya ja waɗannan fayiloli ya zuba a filash, ya kwafi ƙunshiya ne ya bar littafin. Zai ga sunaye goma sha biyu reras, ya ɗauka ya gama aiki, wataƙila ma ya kyautar da faifan ko ya yar. Sai ranar da ya danna ya ji shiru. Hanyar da ta dace ita ce a sa manhajar da ke tatso sautin daga layin, irin su Exact Audio Copy, ko ma Windows Media Player, a ajiye shi a tsarin WAV ko FLAC waɗanda ba sa rage komai. MP3 yana da daɗin aikawa a waya, amma yana zubar da wani ɓangare na sautin har abada, don haka bai dace ya zama shi ne ajiya ba.

Faifan da aka zuba wa takardu ko hotuna ko MP3 kuwa, wanda masu shago ke cewa sun yi wa bonin, yana da fayiloli na gaske. A nan kowane gurbi bayit 2,048 kawai yake ɗauka na kayan mai shi, ragowar wurin an bar wa ƙarin lissafin gyaran kuskure, domin kuskure ɗaya a cikin waƙa kunne ba zai ji ba, amma a cikin takarda yana iya hana ta buɗewa gaba ɗaya. Da farko kowane kamfani da yadda yake jera fayilolinsa, har sai da wakilansu suka zauna a wani otal mai suna High Sierra a Amurka suka daidaita, abin da ya haifar da ƙa'idar ISO 9660 a 1988. A ƙarƙashinta, kwamfuta kan tsallake gurabe 16 na farko, ta duba na gaba, ta nemi alamar CD001. In ta gan ta, ta san da wa take magana, daga nan ta bi adireshi zuwa jerin jakunkuna da fayiloli.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a wannan ƙa'idar. A matakinta na farko, sunan fayil ba ya wuce harafi takwas, da uku bayan ɗigo, kuma manyan haruffan A zuwa Z ne kawai da alƙaluma da layin ƙasa. Babu gurbin ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Sai a 1995 kamfanin Microsoft ya kawo ƙari mai suna Joliet, wanda ya ba da damar suna mai harafi 64 a tsarin Yunikod, inda haruffanmu masu lanƙwasa suke da mazauni. Saboda haka faifai ɗaya kan ɗauki jerin sunaye biyu. Kwamfuta ta nuna cikakken suna, wata tsohuwar na'urar kallo kuma ta nuna guntun suna mai layuka a inda haruffanmu suke. Matsalar ba ta tsaya a suna ba. Rubuce-rubucen Hausa da yawa na wancan zamani da salon haruffa irin su Rabi'at da Abdalla aka buga su, waɗanda suka ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan gurbin wasu alamomi. Fayil ɗin zai buɗe lafiya, amma in kwamfutar ba ta da wannan salon haruffa, duk inda ƙ ko ɗ take sai a ga wata alama daban. Wanda zai ceto irin wannan rubutu sai ya ajiye shi tare da salon haruffansa, ko ya zauna ya maye gurbin alamomin da haruffan Yunikod tun yana iya gane wace ce wace.

Sai VCD, wanda ya fi kowanne muhimmanci a tarihin finafinanmu. Philips da Sony da JVC da Matsushita, masu Panasonic, su suka fitar da ƙa'idarsa a 1993. Bai yi wani tasiri a Turai da Amurka ba, amma ya mamaye Asiya da Afirka saboda araha. Finafinan Hausa na bidiyo sun fara ne a kaset, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, daga baya kasuwar ta koma faifai, kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano suka cika da shi. Idan aka buɗe VCD a kwamfuta za a ga jakunkuna masu suna VCD da MPEGAV da SEGMENT da makamantansu. Fim ɗin yana cikin MPEGAV, da suna AVSEQ01.DAT, in da na biyu AVSEQ02.DAT. Hoton an matse shi da tsarin MPEG-1, faɗinsa ɗigo 352, tsayinsa 288 a tsarin talabijin irin namu, hotuna 25 a daƙiƙa.

Don fim ya sami wuri, masu ƙirar VCD sun sadaukar da wancan ƙarin lissafin gyara. Kowane gurbin bidiyo yana ɗaukar bayit 2,324 maimakon 2,048. Ta haka faifan da aka rubuta wa megabayit 700 yake ɗaukar kusan 800 na fim, wato kimanin minti 80, kuma duk fim ɗin da ya wuce haka sai ya hau faifai biyu. Wannan dabara tana da farashi. Na'urar kallo in ta ci karo da gurbin da ya lalace, sai ta nuna 'yan murabba'ai masu launi ta wuce. Kwamfuta kuwa, da yake ta ɗauka fayil take kwafa, sai ta tsaya cak ta ce ba za ta iya ba. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa faifai ya mutu, alhali kashi mafi yawa na fim ɗin lafiyarsa ƙalau. Haka nan hoton faifai irin na ISO, wanda ake yi wa faifan takardu, bai dace da VCD ba, saboda ba ya ɗaukar irin waɗannan gurabe. Abin da ya dace da shi shi ne tagwayen fayilolin BIN da CUE, waɗanda ke kwashe faifan yadda yake, gurbi bayan gurbi.

DVD ya shigo kasuwar Japan a watan Nuwamba na 1996. Shi faifai biyu ne masu kaurin milimita 0.6 aka manne, bayanan na tsakiya. Yana amfani da tsarin jera fayiloli mai suna UDF, tare da ISO 9660 a gefe don tsofaffin kwamfutoci. A cikinsa akwai jaka mai suna VIDEO_TS, wani lokaci da AUDIO_TS wadda galibi ba komai a cikinta. A VIDEO_TS fayiloli iri uku ne. Masu ƙarewa da VOB su ke ɗauke da hoto da sauti da fassarar da ke fitowa a ƙasan allo, duk a cakuɗe, kuma ba a barin ɗaya ya wuce gigabayit 1, don haka fim ɗaya kan rabu gida huɗu ko biyar. Masu ƙarewa da IFO ƙanana ne, amma su ne jagora: su suka san wane VOB ke bin wane, ina babi ya fara, wane sauti ne na wane harshe, me zai faru in an danna wani wuri a allon zaɓi. Masu ƙarewa da BUP kuma kwafin IFO ne, an ajiye su a wani wuri daban a jikin faifan saboda in karce ya ci ɗaya a sami ɗaya. Wanda ya zaɓi babban VOB ɗaya ya kwafa ya bar sauran, guntun fim ya ɗauka. Wanda ya kwashe VOB duka ya bar IFO, ya sami fim amma ya rasa tsarinsa. Jakar gaba ɗaya ake ɗauka, ko a yi wa faifan hoton ISO, wanda a nan ya dace.

Akwai kuma faifan da kwamfuta kan nuna kamar ba komai a cikinsa, musamman bidiyon biki da aka ɗauka da kyamara mai ƙaramin DVD ko aka naɗa da na'urar gida. Sau da yawa bidiyon na nan, illa dai wanda ya naɗa bai rufe faifan ba, wato bai ba na'urar umarnin rubuta jadawalin ƙarshe ba. Kada a yar da irin wannan, kuma kada a yarda in kwamfuta ta nemi ta share shi don ta shirya shi. A nemi irin na'urar da ta naɗa shi a rufe shi, ko a kai wa wanda ke da manhajar tono bayanai.

Bayan wahalar fasaha, akwai wadda aka ɗora da gangan. Kamfanonin finafinan Amurka sun raba duniya shiyya-shiyya: Amurka da Kanada shiyya ta 1, Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya ta 2, mafi yawan Afirka da Indiya da Rasha ta 5. Na'urar DVD ta kwamfuta yawanci sau biyar kawai take yarda a canza mata shiyya, daga nan ta kulle a kan ta ƙarshe. Sun kuma sa wa faya-fayansu wani makulli mai suna CSS, wanda aka karya a 1999, har aka gurfanar da wani matashi ɗan ƙasar Norwe, Jon Lech Johansen, kotu ta wanke shi a 2003. VCD ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan makullai. Amma abin lura shi ne, ko kallon DVD a kwamfuta ya dogara ne da lasisin da wani ke biya. Da Microsoft ta fitar da Windows 8 a 2012, sai ta cire manhajar kallon DVD daga ciki. Yau manhajar VLC, wadda ɗalibai suka faro a wata makarantar injiniyoyi a Faransa kuma ake bayarwa kyauta, ita ce ke rufa wa mafi yawanmu asiri. Ta ɓangaren na'ura ma haka ne. Tun da Apple ya fitar da MacBook Air ba tare da mazubin faifai ba a 2008, sauran kamfanoni suka bi sahu, har ta kai yanzu da wuya a ga sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai shi.

Kada a ɗauka wannan tsoro ne kawai. A 1986 gidan rediyo da talabijin na BBC ya yi wani gagarumin aiki don cikar shekara 900 da rubuta littafin Domesday, wato kundin ƙidayar filaye da dukiyar Ingila da aka kammala a 1086. Makarantu dubbai suka shiga, yara da manya suka rubuto bayanin garuruwansu, aka haɗa da hotuna da taswirori da bidiyo, aka zuba a manyan faya-fayan leza guda biyu waɗanda sai da na'ura da kwamfuta na musamman ake karanta su. Kafin a cika shekara ashirin na'urorin sun kusa ƙarewa. Sai da masana daga jami'ar Leeds da ta Michigan suka duƙufa, a 2002 suka samar da manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar, sannan aka sake ganin abin da ke ciki. Shi kuwa littafin 1086, wanda aka rubuta da tawada a kan fata, yana nan a ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan, duk wanda ya iya Latin zai karanta. Idan haka ta sami BBC da kuɗinta da injiniyoyinta, ina ga kwalin da ke ƙarƙashin gadonmu? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Namu ma ya fi nasu rauni. Faifan da aka buga a masana'anta ramukansa a jikin roba suke. Wanda aka yi wa bonin a shago kuwa ba shi da ramuka na gaske. Wani rini ne a cikinsa da leza ke ƙonawa ya bar tabo, kuma rini ba ya shiri da rana da zafi da laima. A CD, ƙarfen da bayanan suna dab da gefen da ake rubuta suna, ɗan fenti ne kawai ya raba su da iska, don haka karce a sama ya fi na ƙasa illa, kuma rubutu da biro mai tsini na iya kashe faifai. Duk wanda ya ɗaga tsohon CD ya ga haske na ratsowa ta wasu 'yan huji, ko ya ga bakinsa ya fara ɓarewa, to abin da ke wurin ya riga ya tafi. A yanayi irin namu na zafin bazara da ƙurar hunturu, ba mu da dalilin zaton faya-fayanmu za su yi tsawon rai.

Mun san za a ce, ai komai yana YouTube yanzu. Ba komai ba. Abin da ke can shi ne abin da wani ya ga zai kawo masu kallo. Fim ɗin da bai yi kasuwa ba, waƙar mawaƙin ƙauye, wasan kwaikwayon makaranta, taron ƙaddamar da littafi, ba wanda ya ɗora su. Wanda aka ɗora ma an sake matse shi, sau da yawa an manna masa tambari, an yanke farkonsa da ƙarshensa. A wannan farko da ƙarshen ne kuwa sunayen suke: wanda ya rubuta labari, wanda ya tsara shi, wanda ya rubuta waƙa, wanda ya ɗauki hoto. Idan faifan asali da bangonsa suka ɓace, mai binciken da zai zo nan gaba zai ga fuskar jarumi, amma ba zai san alƙalamin wa ya haifi labarin ba. Ga shi kuma tasha na iya rufewa dare ɗaya, da duk abin da ke cikinta.

Za a kuma ce, wannan kira ne ga satar fasaha, alhali kwafar faifai ba bisa ƙa'ida ba tana cikin abubuwan da suka durƙusar da 'yan kasuwar fim. Wannan magana tana da nauyi, ba kuma za mu yi watsi da ita ba. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya kwafi faifan da ya saya don kada ya lalace, da wanda ya buga dubu ya kai kasuwa ko ya ɗora a intanet yana karɓar kuɗin talla. Abin da muke kira a kai shi ne a ceto, a ajiye, a rubuta bayani. Yaɗawa kuwa haƙƙin mai aiki ne ko magadansa, sai da izininsu. Hasali ma, ba abin mamaki ba ne a tarar wanda ya shirya fim ba shi da kwafin aikinsa, sai a hannun wani mai kallo da ya adana. Mayar masa da shi alheri ne.

Aikin ba shi da tsada. Na'urar karanta DVD da ake jonawa ta USB har yanzu ana samunta, kuma guda ɗaya za ta ishi mutane da yawa su riƙa karɓa-karɓa. A fara da faya-fayan da aka yi wa bonin da waɗanda babu irinsu a wani wuri, kamar bidiyon iyali da rubuce-rubuce, kafin a zo kan waɗanda aka buga da yawa. In akwai faifan asali na fim, a fifita shi a kan irin waɗanda aka cusa wa finafinai goma ko ashirin, domin waɗancan sai da aka rage ingancin hoto kafin su shiga. A duba irin faifan kafin a taɓa komai: in an ga cda a tatso sauti, in an ga MPEGAV a yi BIN da CUE, in an ga VIDEO_TS a ɗauki jakar duka ko a yi ISO. In wata na'ura ta ƙi karantawa a gwada wata, domin idanu sun fi juna. Bayan an kwafa a cire faifan, a buɗe kwafin a gani ko yana aiki shi kaɗai. A ɗauki hoton bango gaba da baya. A buɗe ɗan fayil a rubuta sunan aiki, da shekara in an sani, da kamfani, da sunayen da suka fito a ƙarshe. A ajiye a wuri biyu aƙalla, waɗanda ba ɗaki ɗaya suke ba. Shi kuma faifan asali kada a yar, a mayar da shi gidansa, a tsaye, nesa da rana.

Mu da muke koyon rubutu mun fi kowa sanin wahalar neman tsohon littafin da ya ɓace daga kasuwa, a yi ta cigiya ana cewa wane ya taɓa ganin kwafi a wurin wane. Littafin ko ya yage, in an same shi za a karanta ragowar. Faifai ba ya ba da wannan rangwamen. Ayyukan Hausa na shekaru masu yawa a kansa kaɗai suke zaune, kuma masu iya karanta shi suna raguwa kowace shekara. Muna roƙon kowa ya buɗe kwalinsa a wannan makon, ya ƙirga abin da ke ciki, ya ware guda biyar da ya tabbata in sun tafi ba za a sake samunsu ba, ya fara da su. Wanda ke da na'ura mai aiki ya sanar da 'yan'uwa na kusa da shi, wanda kuma ya ci karo da faifan da ya gagare shi ya faɗi abin da kwamfuta ta nuna masa, mu haɗu mu duba.

Sai mun ji daga gare ku.